Birkila da Bangon 'Yan Haya

Birkila mutum ne da ba ya iya ganin rami a jikin bango ya wuce. Ko gaisuwar rashin lafiya ya je, in idonsa ya faɗa kan wata 'yar tsaga a gefen taga, to shi ke nan, hankalinsa ya bar mara lafiya ya koma kan yashi kwano nawa tsagar za ta ci. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da cokalin gini. In ana maganar filasta a unguwarsu shi ake fara ambata, kuma ya san da haka, bai taɓa yin kamar bai sani ba. Yakan ce wa masu ba shi aiki, "Ka shafa da bayan hannunka. In ƙwayar yashi ɗaya ta karce ka, ka kira wani ya sake."

Abin haushin, a cikin gidansa na kansa akwai bangon da ya fi ƙarfinsa. Tsohon bangon ƙasa ne a ƙarshen filin bayan gida, tun na mutanen da suka fara zama a wurin, tsawonsa taku goma sha biyu, duk jikinsa huda-huda kamar rariya. A gindinsa matarsa ta yi lambu, har 'yan unguwa suka koma kiranta Mai Lambu. Shi ma haka yake kiranta, da farko don tsokana, daga baya baki ya saba. A cikin hudojin nan wasu ƙudaje ne ke zaune, masu kama da na zuma amma sun fi su kauri. Ba sa yin zuma, ba sa harbin kowa, kowane da raminsa. Mai Lambu 'yan haya take ce musu. Duk sanda ya kawo maganar bangon, amsarta ɗaya ce.

"Malam, ka bar min bangona."

"Ke, mutane fa na shigowa gidan nan. A ce birkila guda, bangon gidansa..."

"Su shigo mana. Ka bar min bangona."

Ba ta taɓa ƙara kalma a kai ba, shi kuma girman kai bai bar shi ya tambayi dalili ba. Ya ɗauka son tsofaffin kaya ne kawai, irin yadda ta ƙi yar da tukunyar da ta huje tun haihuwar 'yarsu.

A lambun akwai tumatir, akwai kuɓewa, akwai wasu furanni da take bari su fito yadda suka ga dama a gefen kunya, waɗanda shi dai ciyawa yake kiransu. Amma sarauniyar wurin ita ce kabewar Inna. Inna mahaifiyarta ce, ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma abin da ta bar mata ke nan: irin wata kabewa 'yar fele-fele, mai fararen zane a jiki, cikinta jajir. Kaf kasuwa ba ka samun irinta. Kowace shekara Mai Lambu na shukawa, ta ware mafi kyau ta cire iri, ta shanya, ta zuba a gwangwani. Bara damshi ya shiga gwangwanin, irin ya yi funfuna. Ƙwaya bakwai ta tsira da su, ta shuka duka bana, uku suka tsiro. Babu kowa a dangi da ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. In ukun nan ba su yi 'ya'ya ba, kabewar Inna ta ƙare a duniya ke nan.

Suna cikin yin yaɗo, furen farko ya fara leƙowa, sai aka bugo waya. 'Yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta haihu, amma sai da aka yi mata aiki, kuma jikin ya ƙi daɗi. Mai Lambu ta haɗa kaya. Da mota ta tsaya a ƙofar gida, ta riga ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta juyo.

"Malam, ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Taki kuma a juya shi duk bayan kwana uku. Kada ka fesa komai, ko me ka gani. Ruwan sabulu kada ya je wurin."

"Na ji."

"Kuma bangona."

"Haba, na ce na ji! Ba zan rushe miki shi ba. Ki gaishe su, ki ce ina yi mata addu'a."

Ta dube shi wani irin kallo mai tsawo, ta dubi ƙofar da ke kaiwa bayan gida, sannan ta shiga motar.

Gaskiya a faɗe ta, satin farko Birkila ya yi rawar gani. Ramin takin ma ai shi ya gina mata shi da fasassun bulo, gida uku, amma bai taɓa leƙa cikinsa ba sai yanzu. Ɓawon ayaba ne, da ɓawon ƙwai, da ganyen shayi, da busasshen ganye, da 'yar toka, duk abin da shi a da yake kira shara. Ya sa shebur ya juya shi kamar yadda ake juya yashi da siminti, na ƙasa ya dawo sama, na gefe ya shiga tsakiya. Da ya kai tsakiyar sai ya ga tururi na tashi. Ya tura hannu, ya ji zafi rau. Kai! Ba wuta, ba rana, shara ce ke dafa kanta. A gida na ukun kuwa, inda takin ya nuna, baƙi ne siɗik, laushi luɓus, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, tsutsar tana na ta mutsu-mutsu a ciki. Ya daɗe a tsugune yana murza shi tsakanin yatsu. Shi da ya san kayan haɗi, ya san wannan haɗin gwani ne.

Daga ranar ya zama wani abu daban. Ya fara tafiya wurin aiki da leda a aljihu, yana karɓo ɓawon ƙwai a wurin mai shayi. Da Mai Lambu ta kira, sai ya gyara murya ya ba ta rahoto dalla-dalla.

"Na juya jiya. Na ƙara busasshen ganye, na ga ya yi ruwa da yawa."

"Lallai Malam! Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya min? Ai haɗi haɗi ne. Ke dai ki kula da yarinya."

Ya kashe waya yana murmushi shi kaɗai. Ashe dai lambun nan da ake ta kuranta shi ba wani abu ba ne. Mai hankali kawai yake bukata.

To, a nan ne fa shaiɗan ya samu ƙofa. Rana ta tara suka gama wani aiki, buhun siminti biyu suka yi saura, mai gidan ya ce ya tafi da su. Ya kawo su ya jingine a bayan gida, ya zauna a kan baro yana kallon bangon, bangon na kallonsa. Me Mai Lambu ta ce ne ma? Ya bar mata bangonta. Shi kuma me ya ce? Ba zai rushe ba. To filasta rushewa ce? Ai raya shi za a yi. Ruwa na cin gindinsa kowace damina, wata rana zai faɗo wa kabewar a kai, a ce birkila na gida yana kallo. Ya hango ta ta dawo ta ga bango sumul, ta riƙe haɓa. Kafin ya tashi daga kan baron ya gama yarda cewa alheri zai yi mata.

Ranar hutunsa ya yi aikin, shi kaɗai, kuma ya yi shi da ladabi. Ya lulluɓe kabewar da tsofaffin buhuna, ya shimfiɗa katako ya bi ta kai don kada ya taka ko ganye ɗaya. Ya buga ƙusoshi ya ɗaura waya, don siminti ba ya kama ƙasa sai da dabara. Sannan, da yake shi ba mai aikin ha'inci ba ne, bai yarda ya rufe ramuka a ƙarƙashin filasta haka kawai ba. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali yana cusa musu kwaɓi, har ya tabbatar kowane ya cika. Ƙudajen na ta shawagi a kansa suna ƙugi.

"Ku yi haƙuri," ya ce musu. "Haya ta ƙare, mai gida zai yi gyara."

Da la'asar bango ya fito. Wallahi ya yi kyau, wannan ba a musu. Miƙe sak, kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Ya shafa da bayan hannu tun daga wannan ƙarshe har wancan, bai ji komai ba sai sanyi. Ƙudajen da suka dawo daga yawo suka yi ta bugun bangon da kai, kowane na tsayawa daidai inda raminsa yake a da, ya ja baya, ya sake dawowa. Ya kau da kai ya tafi wanke kayan aiki. Bayan kwana uku babu ko ɗaya. Lambun ya yi tsit.

Sati bai cika ba ya fara ganin abin da bai gane ba. Kabewar na fure, manya-manya ruwan ɗorawa, wasu da 'yar ƙwallo a ƙarƙashinsu kamar ƙwan zabo. Sai furen ya yi yaushi, 'yar ƙwallon ta yi rawaya, ya wayi gari ya same ta a ƙasa. Ya ƙara ruwa. Ta biyu ta faɗi. Ya rage ruwa, ya zuba taki. Ta uku da ta huɗu suka faɗi rana ɗaya. Da ya tsinci ta shida sai ya ji gumi na bin bayansa, da safe kuwa, rana ba ta ko fito ba.

A ranar Mai Lambu ta kira. Muryarta a gajiye, an sake mayar da 'yarsu asibiti, ciwon ya ƙi rufewa, sai ta ƙara wata guda aƙalla.

"Kabewar fa? Sun fara kamawa?"

"Suna nan lafiya lau," ya ce.

Shekara talatin da aure, bai taɓa yi mata ƙarya a kan abin da ya dame ta ba sai ranar. Abincin rana ma kasa ci ya yi. Da yamma ya ajiye girman kai a gefe ya kira Auta, ƙanwar matarsa, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, mai bakin da ba ya raga masa tun tana ƙarama.

Ta iso da jakar makaranta a kafaɗa, tana tsokanarsa tun daga zaure. "Yaya, an ce ka zama manomi, har leda kake yawo da ita." Tana fitowa bayan gida ta yi turus. Jakar ta zame ta faɗi.

"Inna lillahi! Yaya, me ka yi?"

"Gyara na yi. Ke ba bangon na kira ki ki gani ba, kabewar ce ke zubar da 'ya'ya."

"Ai bangon ne kabewar! Wayyo Allah, wayyo Inna." Ta dafe kai. "Zo nan. Zo ka tsuguna."

Ya tsuguna, shi da leburori ke rawar jiki in ya yi tari. Ta kamo wani fure mai dogon siririn wuya. "Wannan namiji ne." Ta kamo wani mai ƙwallo a ƙasa. "Wannan mace."

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Fure ma?"

"Fure ma, Yaya. Ka ga garin nan mai ruwan ɗorawa a cikin namijin? In bai je cikin macen ba, ƙwallon nan ba za ta taɓa zama kabewa ba. Fure kuwa ba shi da ƙafa. 'Yan hayar nan su ke ɗauka a jikinsu su kai, kullum da sassafe. Ka duba unguwar nan, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, kowa na fesa maganin ƙwari. In ban da bangon nan, ina wani ƙudan zai fito? Waccan ciyawar da kake raina ma don su aka bar ta, su samu abin ci in kabewa ba ta fure."

Birkila ya tuna yadda ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, yana jin daɗin tsabtar aikinsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Auta ta bi yaɗon tana ɗaga ganye tana dubawa. Shukar ta fara tsufa, ganyen gindi sun soma rawaya. Da ta gama ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Mata biyar suka rage da ba su buɗe ba. Bayan su ban ce za a samu wasu ba. Sai dai ka zama ƙudan da kanka." Ta nuna masa: a tsinko namiji, a zare masa ganyen furen, a shafa kan tsinken a cikin macen. Da sassafe, don kafin hantsi furen ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa.

"Su kuma fa?" Ya nuna bangon da haɓa, bai iya kallonsa ba.

"Na waje sun tafi. Manyan da ka rufe a ciki, sai haƙuri. Amma akwai 'ya'yansu can ciki a kwance, ba su isa fitowa ba tukuna. Da za a buɗe musu hanya, wataƙila wasu su rayu." Ta shafa filastar, ta girgiza kai. "Kai, amma ta yi kyau, Yaya. Ni dai ban ce ka fasa ba."

Washegari bayan asuba yana tsugune a gaban mace ta farko, ta buɗe fes. Ya tsinko namiji, ya zare, ya tura. Ɓas! Abin da ke cikin macen ya karye ya zauna a tafin hannunsa. Yatsun da siminti ya cinye shekara da shekaru ba sa jin abu mai laushi, sai ya danna kamar mai cusa kwaɓi. Saura huɗu. Ya zauna daɓas a kan ƙasa ya zagi kansa zagin da bai taɓa yi wa lebura ba.

Da haushin ya ɗauko guduma da cizal, ƙarfen ɓamɓarar siminti. Ya tsaya a gaban bangon ya fi minti goma. Ya rushe aikin wasu ba adadi, yana yi yana tsaki, amma nasa, ko sau ɗaya. Bugun farko sai da ya rufe ido. Kuma ba fasawar huce haushi aka yi ba, don in ya buga da ƙarfi tsohuwar ƙasar za ta biyo simintin. A hankali ya riƙa ɓamɓarowa, tafin hannu bayan tafin hannu, yana yanke waya, yana zare ƙusa. Da ya gama wannan sai babban aikin: kowane rami da toshiyar simintin da shi ya cusa. Ya samo doguwar ƙusa ya riƙa ƙwaƙulo su. Kwana huɗu ya yi bai je aiki ba. Ya bar ƙirga a ɗari biyu da wani abu. Da ya kammala, bangon ya fi da muni sau goma, duk tabon ƙusa da ɓarɓashin siminti.

A cikin kwanakin nan mace ta biyu ta buɗe. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya tuna hannun ƙarshe na filasta, lokacin da ake bi da jiƙaƙƙen soso, wanda in ka danna ka ɓata aikin wuni guda. Ba yatsu ke yi ba, wuyan hannu ne, kuma mutum kan riƙe numfashi. Ya riƙe numfashi. Ya shafa sau uku, a zagaye, har ya ga garin ya zauna. Ya ja da baya a kan gwiwoyinsa kamar mai fita daga ɗakin da jariri ke barci.

Ta uku da ta huɗu suka buɗe rana ɗaya, ya yi musu, ko rabin awa ba a yi ba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke komai. Duka biyun suka zube. Ta biyar ta kama, ta kai girman lemo, sai tsutsa ta huda ta ta ciki. Ranar ya kusa kuka, kuma bai fesa komai ba, ko da yake hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi.

Saura ta biyun nan. Ba ta yi rawaya ba. Kullum da safe sai ya auna ta da igiyar awonsa, ya ɗaura ƙulli. Daga ƙwan zabo ta koma lemo, daga lemo ta koma dunƙulen hannunsa, fararen zanen suka fara fitowa. Da ya ga tana kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya samo tayil guda ya sa mata a ƙarƙashi, har da ɗora ma'aunin ruwa na magina ya ɗan karkatar da shi don kada ruwa ya kwanta. Ya zagaye gindin shukar da baƙin takin gida na uku. Wata safiya yana cikin wannan hidima ya ji ƙugi a bayan kunnensa. Ya juya a hankali. Ƙuda ɗaya ne, sabo fil, yana zaune a bakin rami yana goge fuska. Zuwa ƙarshen satin ya ƙirga bakwai, a bangon da a da ba sa ƙirguwa.

Ana jibi Mai Lambu za ta dawo, 'yarsu ta warke, Auta ta leƙo. Ta ga kabewar ta yi guɗa, sannan ta juya ta dubi bangon.

"Yaya, in kana so, sai mu ce ruwan nan mai ƙarfi ne ya zaizaye shi. Bakina ƙanin ƙafata."

Maganar ta shige shi. Sannan ya ce, "Wane ruwa ne ke barin tabon ƙusa? Ki bar shi kawai."

Da ranar ta zo, da azahar mota ta sauke Mai Lambu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ya tare ta da sannu da zuwa, ya tambayi mai jego da jaririya, ta amsa a taƙaice. Jakunkunan ma a zaure ta bar su. Ba ta nufi bayan gida da sauri ba, a hankali ta tafi, kamar mai zuwa gaisuwar da ba ta so. Ya bi ta a baya.

Ta tsaya ta dubi bangon. Ta daɗe tana dubansa. Ta kai hannu ta taɓa wani guntun siminti da ya maƙale, ta dubi tulin fasasshiyar filasta da ya tara a lungu.

"Mai Lambu," ya ce, "ni na yi. Na yi masa filasta bayan tafiyarki, na toshe ramukan duka. 'Ya'ya shida suka zube a dalilina, kuma ranar da kika tambaye ni na ce lafiya lau, ƙarya na yi miki."

"Na sani," ta ce, ba ta juyo ba.

"Auta ce ta..."

"Ba wanda ya gaya min. Malam, shekara nawa kana kallon bangon nan kamar mai jin yunwa? Tun da na sa ƙafa a motar nan na san za ka yi. Na ce a raina, ga 'yata ga irin uwata, ba zan iya riƙe biyu ba. Tun a hanya na yi kukan kabewar nan na gama. Da laifina ma, ban taɓa zaunar da kai na gaya maka amfaninsu ba, sai dai in ce ka bari." Ta share ido da gefen mayafi. "Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne za ka sa guduma a aikin hannunka."

"Ɗaga wancan ganyen," ya ce.

Ta dube shi, ta sunkuya ta ɗaga. Ga ta nan zaune a kan tayil, ta kai girman ƙwaryar sha, fele-fele, da fararen zanenta. Mai Lambu ta zube a kan gwiwoyinta da kayan tafiyarta, cikin jiƙaƙƙen taki. Ta danna ɓawon da farce, bai shiga ba. Ta ƙwanƙwasa ta saurara. Sai ta rungume ta da hannu biyu ta kifa goshi a kai, kafaɗunta na rawa.

"Ta yi ƙwari," ta ce cikin kuka. "Ta wuce haɗari. Akwai iri a ciki, Malam, akwai iri. Inna ba ta tafi duka ba."

Da ta ɗago, ta tambaye shi yadda aka yi ta kama ba ƙudaje. Ya tsuguna kusa da ita, ya tsinko wani namijin fure da ya yi yaushi, ya nuna mata da ƙaton hannunsa, sau uku, a zagaye, yana riƙe da numfashi ba tare da ya sani ba. Ta kama hannun ta juya shi, ta dubi faso da kantar da ke jiki.

"Da wannan?"

"Da shi." Ya yi gyaran murya. "Filastar fa ta yi kyau. Ba ki dai gan ta ba."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Na yarda, Malam. Ranar da za a yanka kabewar nan, kai za ka riƙe wuƙa."

Ya taɓa gama bene mai hawa bakwai, aka tara jama'a aka kira shi gaba aka yi masa tafi. Ko ranar bai ji kansa ya yi girma kamar yau ba, yana tsugune a cikin taki a gindin bangon da ya fi kowane muni a unguwar. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce mata ta zauna ta huta, shi zai shigo da kayan.